Jeri uku, gadon uwa, gadon uba ko namijin YY: wace hanya ta dace da kifinka?

Duk wanda ya daɗe yana kiwon kifi ya san lokacin da kifinsa ya balaga ko bai rubuta ranar ba. Abinci yana shiga, nauyi ya daina hawa yadda aka saba. Macen ta juya ƙarfinta wajen yin ƙwai, namijin ya koma faɗa da bin mata, in kuma karfasa ce, kandami ya cika da ƙananan 'ya'ya masu cinye rabon manya. Mai kula da kogi ko tafki kuwa damuwarsa daban ce. Yana tsoron kifin gona ya tsere ya gauraya da na daji, ko wani nau'i na asali ya ragu har a wayi gari babu shi. Mutanen nan biyu sukan tsaya a gaban hanyoyi guda biyar na sarrafa kuromosom, kowace da masu yabonta, su rasa wadda za su kama.

Kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta. Kifi na yau da kullum yana da jeri biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Tarwada tana da 56 gaba ɗaya, karfasar kogin Nilu 44, kifin kaf na gama-gari 100. Ƙwan da aka matso daga cikin uwa bai gama shirinsa ba. Sai maniyyi ya shiga sannan yake tofar da jeri ɗaya na uwa a cikin wani ɗan ƙulli, 'yan mintuna bayan haɗuwa. Daga baya ƙwan ya yi rabuwarsa ta farko, ya zama ƙwaya biyu. Ƙofofi biyu ke nan, ta tofar da ƙulli da ta rabuwar farko, kuma kusan duk aikin a kansu yake: a girgiza ƙwai da sanyi, zafi ko matsi daidai lokacin da ɗaya daga cikinsu take buɗe. Ba a shigo da gadon wata halitta daga waje. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2001 kan halittun da aka sauya wa gado ba ta lissafa ƙara yawan jeri a cikin abin da take nufi ba.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, me kake son hanawa ko samu? Rashin haihuwa, jinsi ɗaya, tsaftataccen iri, ko dawo da nau'in da ya kusa ɓacewa? Na biyu kuɗi, na farawa da na kullum. Na uku dorewa: aiki ne da za a maimaita a kowane zubin ƙwai, ko an yi shi sau ɗaya ya zauna a jikin iyaye? Na huɗu sauƙi. Na biyar haɗari, wato mutuwar ƙwai, nakasa da raunin kifi. Na shida shi ne wanda aka fi mantawa da shi: ta yaya za ka tabbatar aikin ya ci? Da ido ba a bambanta kifi mai jeri uku da mai jeri biyu, kuma a ganina duk hanyar da ba ka da halin tantance sakamakonta ba taka ba ce tukuna.

Jeri uku

Wannan ce hanyar da ta fi yaɗuwa a gonaki. Ana hana ƙwai tofar da ƙullin nan, sai kifin ya tashi da jeri biyu na uwa da ɗaya na uba. Jeri uku ba sa rabuwa gida biyu daidai lokacin yin ƙwai ko maniyyi, don haka kifin ba ya haihuwa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa tun da wuri, domin a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Jeri uku ba maganin saurin girma ba ne. Kafin balaga, mai jeri uku yakan yi girma daidai da ɗan'uwansa mai jeri biyu, wani lokacin ma ya ɗan gaza shi, musamman in an haɗa su a ruwa ɗaya suna kokawar abinci. Ribar tana zuwa ne bayan lokacin balaga, sa'ad da mai jeri biyu ya tsaya shi kuma ya ci gaba. In kana sayar da kifinka kafin ya kai wannan shekarun, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Gwajin da aka yi a kan tarwada a Wageningen ta ƙasar Holan a shekarun 1980 bai nuna wani fifikon girma na a zo a gani ba. Abin da aka samu shi ne ƙarin nama bayan an fede, tun da ciki bai cika da ƙwai ba.

Sannan mace da namiji ba ɗaya ba ne a nan. Mace mai jeri uku kusan ba ta yin mahaifar ƙwai sam. Namijin kuwa marainansa sukan girma, ya canza launi, ya bi mata, har ya zubar da maniyyin da ba ya ba da 'ya'ya masu rayuwa. In irin wannan namiji ya tsere zuwa kogi, zai iya ɓata wa macen daji ƙwanta na shekara guda. Saboda haka masu kiwon turawut, wani kifin ruwan sanyi dangin salmon, suke neman mata zalla masu jeri uku. A Ingila, tun 2015 hukumar kula da muhalli ta ce turawut mai ruwan ƙasa da za a zuba a koguna ya zama mata masu jeri uku, sai dai in daga iyayen wannan kogin aka ƙyanƙyashe shi.

Girgizar kanta iri uku ce da ake amfani da su sosai, kuma a nan ne bambancin kuɗi yake.

Sanyi ya fi dacewa da kifin ruwan ɗumi. A tarwada, tsarin da aka fi ambata shi ne a tsoma ƙwai a ruwa mai digiri 5 na tsawon minti 40, ana farawa minti 3 bayan haɗa shi da maniyyi. Ƙanƙara, ma'aunin zafi mai kyau da agogo sun isa. Ba abin da ya kai shi araha. Matsalarsa ita ce ƙwan da ke tsakiyar tuli ba ya jin sanyi lokaci ɗaya da na gefe, kuma ƙwan tarwada yana da danƙo, yana mannewa da juna da zarar ya taɓa ruwa. Sakamako yakan bambanta daga zubi zuwa zubi.

Zafi kuma na kifin ruwan sanyi ne. A turawut mai launin bakan gizo ana amfani da ruwa mai kusan digiri 26 na kimanin minti 20. Shi ma ba tsada, amma tazarar da ke tsakanin zafin da ke aiki da zafin da ke kashewa siririya ce ƙwarai.

Matsi shi ne manyan gidajen ƙyanƙyasa suka koma wa. Ana zuba ƙwai a tukunyar ƙarfe mai kauri cike da ruwa, a matsa shi da ƙarfin psi 9,500 na minti 5, wato kusan ninki 300 na iskar tayar mota. Matsi yana isa kowane ƙwai a daƙiƙa ɗaya, na tsakiya da na gefe, shi ya sa sakamakonsa ya fi daidaituwa kuma yakan kusanci ɗari bisa ɗari. Lokacin farawa ana lissafa shi da zafin ruwa: a salmon ana jiran digiri-minti 300, ma'ana minti 30 in ruwan yana digiri 10, minti 50 in yana digiri 6. Na'urar tana da tsada, tana son mai hannu da ya san ta, kuma girman tukunya shi ke ƙayyade yawan ƙwan da za a yi a zubi ɗaya. Akwai kuma sinadarai da aka gwada, amma a kifi sukan ba da gaurayen sakamako a jiki ɗaya, ga haɗari ga mai aiki. Ban ga dalilin da zai sa gidan gona ya bi ta nan ba.

Ta fuskar dorewa, jeri uku ba ya zama a iri, tun da kifin ba ya haihuwa. Kowane zubi sai an sake. Ta fuskar haɗari, ƙwayoyin jikin mai jeri uku sun fi girma amma yawansu ya ragu, har da na jini, kuma an ga cewa ba ya jure ruwa mai zafi da ƙarancin iskar oksijin kamar mai jeri biyu. A salmon an sha fama da karkacewar muƙamuƙin ƙasa da yanar ido, sai da aka gano yana buƙatar ƙarin fosfaras da wani sinadarin gina jiki mai suna histidin a abincinsa. Wanda kandaminsa yake yawan shaƙewa da asuba ya yi tunani sau biyu.

Tantancewa kuwa ana yin ta da ɗigon jini, ko dai da na'urar da ke auna yawan DNA a kowace ƙwaya, ko da wadda ke auna girman ƙwayar, ko a shafa jinin a gilashi a auna a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wanda ya fi araha amma yana cin lokaci. Amurka ta nuna yadda ake ɗaukar wannan da gaske. An kai wa ƙasar kifin kaf mai cin ciyawa a 1963 don ya share ciyayin ruwa, ya tsere ya yaɗu. Tun shekarun 1980 jihohi da dama ba sa yarda a zuba shi sai mai jeri uku. Manomi yana gwada jinin kowane kifi ɗaya bayan ɗaya, sannan jami'in hukumar kifi da namun daji ta tarayya ya zo ya zaɓi 120 ya sake gwadawa kafin ya ba da takarda. Kashi 98 cikin ɗari babban nasara ne ga mai neman nama. Ga mai kare kogi, biyun da suka rage su ne duk matsalar.

Jeri huɗu

Dabarar tana da kyau a takarda. A hana rabuwar farko, a sami kifi mai jeri huɗu wanda yake haihuwa, a haɗa shi da mai jeri biyu, 'ya'yan duka su fito da jeri uku ba tare da girgiza ba. An huta da maimaitawa ke nan. A kawa, wadda ba kifi ba ce, wannan ya zama sana'a. A kifi kuwa masu jeri huɗu suna mutuwa da yawa tun suna ƙanana, waɗanda suka rayu ba su cika ƙwari ba, kuma Daniel Chourrout na Faransa, wanda ya yi wannan aiki a turawut a shekarun 1980, ya tarar maniyyinsu ya yi kauri, yana wahalar shiga ta 'yar ƙofar ƙwai. Inda abin ya tsaya da ƙafarsa shi ne Sin, a Jami'ar Horar da Malamai ta Hunan, inda suka sami zuriya mai jeri huɗu daga gamin jan kurushiyan, wani dangin kaf, da kaf na gama-gari, suna fitar da masu jeri uku daga gare ta. Aikin shekaru ne masu yawa. Ba na gidan gona ɗaya ba ne.

Gadon uwa zalla

A nan ana haska maniyyi da hasken UV har gadonsa ya lalace amma yana iya iyo. Ya shiga ƙwai ya tashe shi, bai ba da komai nasa ba. Sai a girgiza ƙwan don jerin uwa ya zama biyu. In an yi girgizar da wuri, a ƙofar ƙulli, rayuwa ta fi yawa. In an jira rabuwar farko, kaɗan ne ke tsira, amma jerinsu biyu kwafin juna ne sak, kuma daga gare su ake fitar da zuriyar da kowane kifi tamkar ɗan'uwansa yake. George Streisinger ya nuna haka a kifin zebra a 1981.

Kayan aikin ba su da tsada: fitilar UV da abin girgiza. Wahalar tana wajen daidaita hasken. Ya yi kaɗan, gadon uba ya kutsa. Ya yi yawa, maniyyi ya mutu. Masu hankali sukan ware wani ɓangaren ƙwai su bar shi ba girgiza; in hasken ya yi aiki, waɗannan za su fito da jeri ɗaya, a nakashe, su mutu duka. In aka ga lafiyayyu a cikinsu, a zubar da zubin. Wasu kuma suna amfani da maniyyin wani nau'i daban da ake ganin ba zai iya haɗuwa da ƙwan ba. Ko wannan ma a yi hattara: a Hungari masu bincike suna ƙoƙarin wannan aiki a kan kifin sitajin na Rasha da maniyyin kifin Amurka mai baki kamar filafili, sai ga gamin nau'ukan biyu ya rayu, abin da ba wanda ya zata. An buga labarin a 2020.

Kifin da aka samu ta wannan hanya ba na kasuwa ba ne, domin auren zumuncin da ke jikinsa ya yi tsanani, girma da juriya suna raguwa. Amfaninsa a mataki na gaba yake. A nau'in da mace take XX, wato kuromosom ɗinta biyu na jinsi iri ɗaya ne, namiji kuma XY, duk 'ya'yan mata ne. A ba wasu daga cikinsu homon na maza, sinadarin da ke sa jiki ya ɗauki siffar namiji, suna ƙanana, su zama maza masu XX, maniyyinsu ya ba da mata zalla in an haɗa da mace ta gari. Kifin da zai je kasuwa bai taɓa homon ba. A turawut irin waɗannan maza sau da yawa ba su da hanyar fitar maniyyi, sai an yanka an ciro marainan. A nau'in da mace ce mai kuromosom ɗin jinsi biyu daban, wato ZW, kamar shuɗiyar karfasa, lissafin mata zalla ba ya aiki.

Gadon uba zalla

Kishiyar wancan ce, kuma ta fi shi wuya nesa ba kusa ba. Ƙwai ake haskawa, da UV ko da hasken gamma, a kashe gadon uwa ba tare da an dafa sauran abin da ke cikinsa ba, sannan a sa maniyyi, sannan a hana rabuwar farko. Haskawa da girgiza, duka biyu a kan ƙwai ɗaya. Waɗanda ke kai wa ga cin abinci 'yan kaɗan ne.

Duk da haka ina ganin darajarta, saboda dalili ɗaya. Maniyyin kifi yana ajiyuwa shekaru a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ƙwan kifi ba ya ajiyuwa haka, girmansa da gwaiduwarsa sun hana. In wani nau'i ya ƙare, maniyyi kaɗai ya rage a tulu, wannan na cikin 'yan hanyoyin da za su iya mayar da shi ruwa, ta hanyar aron ƙwan danginsa na kusa. An ƙyanƙyashe kifin zinariya daga ƙwan kaf ta haka, aka buga sakamakon a 1998. Amma a san iyakarta. Akwai ɗan gado a cikin mitokondiriya, injin ƙarfin ƙwaya, wanda daga ƙwai kaɗai yake zuwa, don haka kifin da aka dawo da shi yana ɗauke da wani abu na mai ba da aro. Kuma zuriyar da ta fito daga maza ƙalilan, kowane da jeri kwafin juna, ba ta da faɗin gadon da za ta jure cuta ko sauyin ruwa.

Akwai wata hanya da ta haɗa jeri uku da ceto, wadda nake ganin ta fi alƙawari. Rukunin Goro Yoshizaki a Tokyo sun dasa ƙwayoyin asalin haihuwa na turawut a cikin jariran salmon masu jeri uku. Da suka girma, tun da nasu ba ya aiki, ƙwai da maniyyin turawut zalla suka bayar. An buga wannan a 2007. Ƙwayoyin nan suna ajiyuwa a sanyi, kuma suna ba da uwa da uba duka.

Namijin YY

A karfasa namiji ya fi mace girma sosai, kuma haihuwar barkatai ita ce babbar damuwa. Jeri uku ba ya da amfani a nan a aikace, domin mace tana ba da ƙwai kaɗan ne, tana riƙe shi a baki, kuma mata ba sa zubawa lokaci ɗaya, ba za ka taɓa tara tulin da ya isa a girgiza ba. Abin da yawancin gonaki suke yi shi ne homon metiltestosteron a abinci, miligiram 60 a kowane kilo, na kwana 21 zuwa 28. Yana da araha, yana aiki, amma sai an maimaita kullum, ma'aikaci yana taɓa shi, ruwan yana ɗauka, wasu kasuwanni kuma ba sa so.

Hanyar YY tana mai da aikin kan iyaye. A mai da maza XY mata da homon, a haɗa su da maza na gari, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan su fito YY, wato maza masu Y biyu ba X. A gano su ta duban jinsin 'ya'yansu ko ta gwajin DNA. Namijin YY in ya hau mace ta gari, 'ya'yansa maza ne. Graham Mair da abokan aikinsa a Swansea ta Birtaniya da Jami'ar Jihar Luzon ta Tsakiya a Filifin ne suka kai wannan matakin gona a shekarun 1990, suna samun maza sama da kashi 95 cikin ɗari. Ginin irin yana cin zuriya da yawa da shekaru. Sayen iyayen ya fi sauƙi, amma ka dogara da mai sayarwa ke nan, kuma in ka haɗa su da matan wani iri daban, kason maza yakan sauka, domin jinsin karfasa ba kuromosom ɗaya kaɗai ke yanke shi ba, har zafin ruwa yana da hannu. Masu kare muhalli ma sun ɗauki dabarar: a jihar Idaho ta Amurka ana sakin mazan YY na wani turawut baƙo a rafuka, don zuriyarsa ta yi ta karkata zuwa maza har mata su ƙare.

| Hanya | Abin da take bayarwa | Kuɗi | Dorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jeri uku da sanyi ko zafi | Rashin haihuwa | Kaɗan | Kowane zubi | Mai sauƙi | Sakamako mai hawa da sauka |
| Jeri uku da matsi | Rashin haihuwa | Mai yawa a farko | Kowane zubi | Matsakaici | Rauni a ruwa mai zafi |
| Jeri huɗu | Iyayen masu jeri uku | Mai yawa | Yana zama a iri | Mai wuya | Yawan mutuwa |
| Gadon uwa zalla | Mata zalla, tsaftataccen iri | Matsakaici | Yana zama a iri | Matsakaici | Kutsen gadon uba, raunin zuriya |
| Gadon uba zalla | Dawo da iri daga maniyyi | Mai yawa | Aikin ceto | Mai wuya ƙwarai | Kaɗan ke rayuwa |
| Namijin YY | Maza zalla | Mai yawa a gini, matsakaici a saye | Yana zama a iri | Mai sauƙi in an saya | Kason maza yana iya sauka |

Wa ya dace da wace

Mai karfasa da ke da amintaccen wurin sayen iyaye, YY ta fi masa, da sharaɗin ya ƙirga jinsin 'ya'yan zubin farko da kansa kafin ya faɗaɗa. In babu irin wannan wuri, homon a hannun mai kula ya fi masa gwajin jeri uku.

Mai tarwada da ke sayarwa a wata huɗu zuwa shida bai da buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuɗin ya fi amfani a iyaye masu kyau da ruwa mai tsabta. Wanda ke riƙe ta har ta manyanta, ko yake kiwonta a ƙasar da ba ta asali ba ce kusa da kogi, ya gwada sanyi a ƙaramin zubi, ya ajiye wani ɓangare ba girgiza don kwatantawa, ya kai jini a duba.

Mai turawut ko salmon da ke son manyan kifi, ko mai zuba kifi a ruwan da na daji suke, mata zalla masu jeri uku ta hanyar matsi, da gwajin jini a kowane zubi.

Cibiyar inganta iri ita ce gidan gadon uwa zalla da jeri huɗu. Mai ceton nau'in da ke ƙarewa kuwa ya fara da tulun naitirojin tun maza suna da yawa, ya tara maniyyi da ƙwayoyin haihuwa daga kifaye daban-daban na rafuka daban-daban, ya rubuta asalin kowane. Zaɓi tsakanin gadon uba zalla da dashe a jikin mai jeri uku zai iya jira har a ga wane dangi na kusa ne ƙwansa ko cikinsa ya karɓa.